Burushin Gwadabe Wanzami

Gwadabe wanzami taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba gulma ba ce, hakkina ne. Ni ne Ya'u tela. Rumfata tana jikin tasa a bakin kasuwar Wudil, zana ɗaya ce ta raba mu. In yana wasa aska ina ji, in ina taka keken ɗinki yana ji, in kuwa ya shara wa mutane ƙarya ta ramin zanar nan nake ƙaryata shi.

Wanzanci gadonsa ne. Gidajen da ubansa ya yi wa aiki su yake yi wa, tun daga cikin gari har Ɗankaza da Lajawa. Askin suna nasa ne, shayin yara nasa ne, ƙaho nasa ne, in kaka ta yi kuma kowane gida ya aiko masa da dami. Da wannan yake ci da iyalinsa, don gonar tasa in ka shanya zannuwa a ciki ta cika. Duk safiyar Juma'a kuma shi ke zuwa zauren Liman Isyaku, limamin Juma'armu, ya aske masa kai tas, ya gyara masa saje kafin a tafi masallaci. Hannun Gwadabe da laushi, wannan ba na hana shi. Ciwonsa ɗaya ne, son a sani.

A shekarun nan ne da Turawa ke shirin tattara nasu-ya-nasu, kowa ya je birni sai ya dawo da wani sabon abu, wani tocila, wani katin jam'iyya. Farkon damina Gwadabe ya hau babbar mota ya tafi Kano sayen asake, sai ƙafa ta kai shi Sabon Gari. A can ya ga wani mai aski da kujera da madubi yana shafa wa wani akawu kumfa a fuska da wani ɗan abu mai gashi. Ya ce ya tsaya kallo har ya manta da abin da ya kai shi. Bai bar birni ba sai da ya nemo irinsa a kantin wani Kwara, cikin Larabawan nan masu kantuna.

Ranar da ya dawo ko gida bai shiga ba, rumfata ya faɗo. Ya buɗe zabirarsa ta kayan aiki, ya zaro abin a naɗe cikin farin ƙyalle.

"Ya'u, tun da uwarka ta haife ka ka taɓa ganin wannan? Burushi ke nan, na aski."

Na karɓa na jujjuya. Mariƙinsa baƙin katako ne mai sheƙi, gajere, ga gashi fari-fari mai ƙarfi a tsaye a kansa. Na ce, "Wannan ai tsintsiyar aljanu ce. Me za ka share da ita?"

"Jahili. Zauna ka gani."

Ya sa aka kawo ruwan ɗumi a ƙoƙo, ya tsoma shi ya ɗan jiƙa. Wani irin ƙarni ya tashi, na toshe hanci na ce abin nan fa wari yake. Ya ce ƙamshin Ingila ne, hancin tela bai san shi ba. Ya goga shi a jikin sabulu, ya dinga juya shi a tafin hannu, kan ka ce me kumfa ta taso fara fat, ya bi kaina da ita. Mu da muka saba da a yayyafa maka ruwa a murtsuke kan da hannu, wallahi sai na ji barci na ɗibata. Aska kuwa sai sulɓi take yi, ba ja, ba zafi. Ban faɗa masa daɗin da na ji ba, don kada kan nasa ya ƙara girma, cewa na yi ba laifi.

Warin nan bai daɗe ba ya tafi, labari kuwa ya bazu. Masu taurin gashi da suke hawaye a ƙarƙashin aska suka dawo suna hamma. Ranar kasuwa Fulanin da suka kawo shanu kan tsaya su dogara sanda suna kallon ƙato da farin kai. Gwadabe ya samu abin da yake so. In ya gama sai ya ɗauraye burushin, ya yarfe, ya rataye shi a bakin rumfa, wai don ya bushe, alhali don a gani ne. Har jarirai ya fara shafa wa a wurin askin suna, mata na guɗa. Liman Isyaku ma da aka shafa masa ya ce, "Madalla, Allah ya yi wa hannu albarka." Gwadabe ya maimaita min wannan magana har na haddace ta.

Haka aka tafi har gero ya nuna. Sai wata Laraba Halliru ya zo gari. Halliru ɗan unguwarmu ne, tsohon soja, ya yi yaƙin Bama, yanzu gadi yake a wani sito a birni. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya jira a tambaye shi. Ya zauna a tabarmar Gwadabe, ya cire hula, mutum huɗu ko biyar na zaune suna jiran layi. Gwadabe ya tayar da kumfa, ya ɗaga hannu ke nan sai Halliru ya cafke masa wuyan hannu.

"Kai! Ina ka samo wannan?"

"A birni mana. Ashe ku sojoji ma ba ku san shi ba?"

"Na san shi farin sani. Wallahi kada ka taɓa ni da shi. Gwadabe, ka san gashin mene ne wannan?"

Na tsayar da keke na leƙo. Halliru ya ce a wurin yaƙi ya yi wa wani hafsa Bature hidima, kullum safe shi ke wanke masa irin wannan, kuma Baturen da bakinsa ya gaya masa, yana dariya, cewa gashin ƙeyar alade ne, aladen daji irin na ƙasarsu. Ya ce akwai masu laushi da ake yi da gashin wata dabba dabam, amma mai ƙarfin nan fari-fari, wanda bakinsa ke tsagewa in ya sha aiki, na alade ne. Ya ce a duba. Aka duba, bakin gashin kuwa ya tsattsage.

Innalillahi! Wani dattijo da aka gama wa aski bai riga ya tafi ba, ya dafe kai da hannu biyu ya yi hanyar kogi ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Sauran suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tuna da akuyarsa, wancan ya tuna da baƙo. Gwadabe na tsaye da burushi a hannu, kumfa na gangarowa har gwiwar hannunsa, bakinsa a buɗe. Halliru ya ga abin da ya yi, ya ce, "Ni fa ba da wata manufa na faɗa ba." Shi ma ya sa hularsa ya tafi da gashinsa.

Ka san garinmu. Kafin la'asar maganar ta shiga kowane lungu, ta kuma yi 'ya'ya. Wasu suka ce Gwadabe ya sani ya ɓoye. Wasu suka ce Turawa ne suka ba shi don a lalata wa Musulmi salla. Hansai matarsa ta je barka a maƙwabta, mata suka ja jiki suka bar mata tabarma ita kaɗai, wata kuma da aka shafa wa jaririnta kumfa ta tare ta a tsakar gida tana kuka, wai me ɗanta ya yi musu. Hansai ta dawo gida idanu jajur.

Alhamis na buɗe rumfa, shi ma ya buɗe. Har hantsi ya dubi ludayi ko kare bai leƙa shi ba. Mutanen da ya san kawunansu tun suna jarirai suka dinga wucewa ta can gefe suna kallon sama. Can wajen azahar wani ya zo daga Ɗankaza, daga gidan da za a yi suna ranar Asabar, gidan da uban Gwadabe da kakansa suka yi wa aiki. Bai ko zauna ba. Ya ce maigida ya ce a gaishe shi, kuma kada ya wahalar da kansa, sun samu wani. A nan ne na ji tsoro ya kama ni. In gida ɗaya ya fara, sauran bi za su yi, ga kaka a bakin ƙofa, ga mutum da 'ya'ya. Wanzamin da ake ƙyamar hannunsa kuwa ba shi da sauran sana'a.

Na leƙa in yi masa tsiya ko ya ɗan saki rai, sai na ga wayam. Na bi sahu na same shi a bakin kogi, bayan inda masunta ke shanya taru, ya tsuguna da abin nan a naɗe cikin ƙyalle.

Na ce, "To jefa mana. Ko jira kake ya yi maka sallama?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Hansai ta ce in jefa, in ce jelar doki ce, in ce yaƙi ya taɓa wa Halliru kai. Da wasu sun yarda."

"To?"

"Liman fa, Ya'u?" Ya ɗago, na ga idonsa ya faɗa. "Tun farkon damina, duk Juma'a, da hannun nan nake shafa masa najasa a kai, ya tashi ya ja garin nan kaf salla. Sallarka, sallata, sallar kowa. In duk ba su yi ba fa? Wa zai ɗauka? In na jefa shi a ruwa na yi ƙarya, ranar gobe ƙiyama me zan ce?"

Na ce ai Liman na ɗauraye kai bayan aski, kuma yana wankan Juma'a. Ya ce min, "Kai malami ne? Allura ka sani. In irin wadda ba ta wankuwa ce fa?" Gaskiya kuwa ban sani ba. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya ba ni tausayi irin na ranar ba. Na ce ya tashi mu je wurin Liman, in yanka ne a yanka mu tare.

Bayan la'asar muka yi sallama a zaure. Liman Isyaku tsoho ne siriri, ba ya gaggawar magana. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa, aka yi gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi gajiya, Gwadabe na amsa lafiya lau da murya kamar ta mai zazzaɓi. Da gaisuwa ta ƙare ya kwance ƙyallen ya ajiye burushin a ƙasa, nesa da buzun Liman.

"Allah ya gafarta Malam, na zo da laifi. Abin nan da nake shafa maka, an ce gashin alade ne. Wallahi ban sani ba. Ban tambaya ba kuma, son a ce ina da abin da wasu ba su da shi ne ya rufe min ido. In sallolin mutane sun ɓaci a gaya min yadda zan yi."

Ina kallon Liman. Hannunsa ya tafi kan rawaninsa ya dawo, fuskarsa ta ɗan yamutse, ya haɗiyi yawu. Ya ce ya ji ƙishin-ƙishin tun jiya, yana jira ne ya ga ko Gwadabe zai zo da ƙafarsa. Sannan ya ce:

"Naman dabbar nan haram ne, ba mai ja. Amma gashi hukuncinsa dabam. Abin da muka karanta a gaban malamanmu, gashi in sausaye shi aka yi, ba tuge shi ba, mai tsarki ne, ko na wace dabba ce, ko da ita wannan ɗin. Wanda aka tuge, gindin da ya fito daga cikin fata shi ne abin gudu. Idona ya yi rauni. Zaro ɗaya ka gaya min abin da ka gani."

Gwadabe ya kama sili ɗaya ya fizgo, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya duba, ya sake fizgo wani, ya sake wani. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba farin gindi. Yanke yake, a daidaice, sai ɗanko da aka kafa shi da shi."

"To ka ji. Kuma ko da a ce najasar ce, wanda ya yi salla da ita bai sani ba, lokacinta ya fita, ba a ce ya rama ba. Ba sallar da ta ɓaci, Gwadabe, ba tawa ba, ba ta masu bina ba. Jariran nan ma lafiyarsu ƙalau. Allah bai ɗora maka abin da ka ɗora wa kanka ba."

Wayyo, ka ga ajiyar zuciya! Gwadabe ya zube a ƙasa zaman dirshan yana ta alhamdulillahi, ni kaina sai a lokacin na san ashe na ƙanƙame gwiwata har ta yi tsami. Na ji kamar an sauke min buhun gyaɗa daga ka. Har tsiyata ta dawo, na raɗa masa cewa yau dai ya san akwai abin da ya fi ƙamshin Ingila.

Muka yi godiya za mu tashi. Gwadabe ya ce, "To gobe da safe in zo kamar kullum, Allah ya gafarta Malam?"

Liman ya dubi burushin nan, ya kau da kai. Ya ce, "A'a. Gobe kada ka zo nan. Ka zauna a rumfarka." Ya jawo butarsa.

Muka kama hanya. Sai da muka kusa gida Gwadabe ya ce, "Ka ji dai. Ya wanke ni a wurin Allah, amma shi ma ya sallame ni. In Liman ya bar ni, wa zai zauna?" Na ce kila ba haka yake nufi ba, amma ni ma ban yarda da maganata ba. Ya ce ba komai, tun da ba ya ɗauke da sallar kowa, ko dako ne zai yi a tasha ya ci da yara. Ya faɗe ta da gaske kuma, ransa ya fi na safe sauƙi nesa ba kusa ba. Ni ne raina ya ƙi kwanciya.

Juma'a ranar kasuwar Wudil ce. Tun da sassafe shanu sun cika kara, masu kifi sun baje, masu tukwane sun jera, mutanen ƙauye na ta kwararowa da jakai. A irin ranar nan Gwadabe ba ya samun sararin shan ruwa. Rannan kuwa yana zaune shi kaɗai yana korar ƙuda, burushin na cikin zabira. Wasu kan zo su tsaya nesa kaɗan su nuna rumfar da baki su wuce. Ni kuma na ɗinka hannun wata riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai.

Da hantsi sai na ji hayaniyar bakin kasuwa ta canja. Na ɗaga kai na ga mutane na darewa suna durƙusawa, ana Allah ya gafarta Malam, Allah ya gafarta Malam. Liman Isyaku ne tafe da sandarsa. Mutumin da sai a yi shekara ba a gan shi a kasuwa ba, balle ranar Juma'a da safe. Bai tsaya ko'ina ba sai rumfar Gwadabe. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarmar da ba wanda ya zauna tun Laraba, ya warware rawaninsa a gaban jama'a, ya cire hula ya ajiye a cinya.

"Gwadabe, ina abin naka? Tayar da kumfa, rana na yi."

Gwadabe ya dube shi, ya dube ni. Na ce, "Kurma ka zama? Ɗauko mana!"

Kafin ruwa ya yi ɗumi an yi da'ira, har masu tallan fura sun sauke ƙwarya. Dattijon nan da ya gudu kogi ya kutso ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ko ba a gaya maka ba ne? An ce abin nan..."

Liman ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. Ya ce, "An gaya min. Gashin alade ne, Halliru bai yi ƙarya ba, kada wanda ya zarge shi. Gwadabe kuma bai sani ba, yana jin labari kuwa da ƙafarsa ya zo ya faɗa min, alhali ga kogi da zai iya jefawa ya musa. Gashin da aka sausaya mai tsarki ne, ba sallar wanda ta ɓaci. Wanda ransa bai so ba ya ce a jiƙa masa da hannu, ba dole. Amma wanda ya raba mutumin nan da abincin 'ya'yansa a kan wannan, ya nemi hujjar da zai bayar, ba dai a wurina ba. Daga nan masallaci za ni, da kan nan zan ja ku salla."

Gwadabe ya goga burushi a sabulu, ya juya, kumfa ta taso, ya ɗora a kan Liman.

Jama'a gaba suke gani, fuskar dattijo a sake, ido a lumshe. Ni kuwa daga gefe nake, ta bakin zana, ina ganin abin da ba sa gani. Yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame tabarma. Carbin da ke hannunsa ya dunƙule shi har jijiyoyi sun fito. Gumi na bin bayan kunnensa, maƙogwaronsa na hawa na sauka. Mutumin nan ƙyanƙyami gare shi, in ƙuda ya faɗa masa a fura kyautar da ita yake yi, ga shi zaune ana yawo da abin nan a tsakiyar kansa, bai ko motsa ba. Gwadabe ya sa aska. A hankali ya bi, har ya gama bai bar ko ɗigon jini ba.

Yana ɗauraye masa kai sai Halliru ya ratso mutane ya tsuguna ya cire hula, ya ce shi ne na biye, kuma da burushin yake so, shi ya jawo shi zai fara biya. Aka yi dariya, dariyar nan kuwa ita ta kwance wurin. Dattijon kogi ya ce shi dai da hannu, amma a sa shi a layi. Wani ya zauna, wani ya zauna. Can na hango mutumin Ɗankaza yana sosa ƙeya, yana matsowa a hankali, ya ce da ma maigida ya ce in an ga Gwadabe a tuna masa gobe da wuri ake so. Na ce masa, "Ashe wancan da kuka samu ya yi tafiya?" Ya yi kamar bai ji ba. Ni dai na koma kujerata na zauna, daɗi ya cika ni har na rasa wanda zan tsokana.

Liman ya mayar da hula, ya naɗa rawani, ya miƙa hannu Gwadabe ya tashe shi. Yana tashi ya riƙe hannun bai saki ba, ya jawo shi kusa da zana, ya yi ƙasa da murya. Ba wanda ya ji sai ni.

"Gwadabe, halal ne, ban yi maka kara a hukunci ba. Amma jiya ko tuwo ban iya ci ba. Juma'a mai zuwa ka zo zaure kamar da. Ka bar min abin nan a zabira don Allah, ka jiƙa min da hannunka."

Sai yanzu Gwadabe ya gane abin da tsohon nan ya haɗiye don shi. Liman ya ɗauki sandarsa ya shiga cikin mutane. Halliru na zaune da kai a buɗe yana cewa a zo a fara, ga layi ya kai bakin rumfata. Gwadabe kuwa ya juya wa kowa baya, ya duƙa a kan dutsen wasa aska, yana ta wasa askar da ya riga ya wasa, kafaɗunsa na rawa. Na miƙe na tsaya tsakaninsa da jama'a, na ce kowa ya yi haƙuri, wanzami na zuwa.